Na Karanta Musu Awon Jiya

Baiwar Allahn da ta rubuto min wancan satin tana cewa na ji daɗi, ina aikin ofis ga fanka ga intanet na banza, ina gaishe ki, kuma na yafe miki. Yau ki gyara zama ki ji irin daɗin da nake ji. Ku kuma da kuka shigo yanzu, sunana Mardiyya, shekarata ashirin da shida, haifaffiyar Haɗeja ce ni, kuma a nan nake aiki da wata ƙungiya da ba zan kama sunanta ba. In kun ga zancena yana karkacewa ku yi min uzuri, yau kwana uku abinci bai zauna min a ciki ba.

Aikina ba shi da wuyar faɗa. Can gaba da Auyo, a bakin kogi, akwai wani ƙarfe da aka kafa aka yi masa fenti kala uku: kore a ƙasa, rawaya a tsakiya, ja a sama. Kullum da hantsi wani dattijo masunci, Malam Bunu, yake tuƙa kwale-kwalensa ya je ya ga inda ruwa ya tsaya, ya ɗauki hoto, sannan ya hau kan jinga inda ake samun sabis ya turo min. Wajen ƙarfe goma saƙonsa yake shigowa. Ni kuma in danna waya in faɗa wa manoma da bakina, tunda yawancinsu ba sa karanta boko: ruwa yana kore, ko ya hau rawaya a fara kwashe kaya. Guruf huɗu ne a WhatsApp, mutum ɗari shida da 'yan kai. A takarda, aikin minti biyu ne.

Ranar da na fara, ogana Malam Abdulganiyyu ya ce wayar ofis tana hanya, in ɗan lallaɓa da layina na sati biyu. Shekara biyu da wata huɗu ke nan wayar nan tana hanya. Ni dai ban san daga wace duniya ta taso ba.

Ga inda abin yake. Manomi da rana yana gona, hannunsa duk taɓo, ba ruwansa da waya. Sai ya dawo da magariba, ya karɓo wayarsa daga wajen mai caji, ya ci tuwo ya miƙe ƙafa, sannan ya tuna da Mardiyya. Wannan ya tambayi taki, wancan ya turo hoton tsutsa, wani ya ce nawa buhu ya kai a kasuwa, wani kuma gaisuwa kawai ya kira mu yi, sai ya tambayi mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya. Har takwarori biyu aka yi min a ƙauyukan Auyo. Ranar sallah ina tsaka da saka ɗankunne aka kira ni a kan injin da ya ƙi tashi. Kada ku ce in kashe wayar, na san abin da za ku ce ke nan. A daminata ta farko wata mata ta kira ni bayan isha tana kuka, ruwa ya shigo musu ɗaki, ni na tashi masu kwale-kwale. Tun daga ranar, duk ƙarar da wayar nan ta yi sai in ga kamar matar nan ce.

Na gaji, 'yan uwa. Ba gajiyar da barci yake magani ba. Sai in ji waya tana rawa a cinyata alhali tana can ɗaki a caji. In tayar da sallah in rasa ko raka'a ta biyu nake ko ta uku. Muryata ta dishe, kullum jakata da kanumfari da 'yar kwalbar zuma. Wata rana Abba ya yi sallama daga zaure, ina kwance a tabarma ido biyu, na buɗe baki na ce masa ruwa yana kore. Gidan aka yi ta dariya, ni ma na yi, sannan na shige banɗaki na yi kuka.

A ofis kuwa, daga goma da rabi zuwa la'asar waya shiru take kamar an yi mata asiri. Nan ne kaɗai nake jin ni mutum ce. In buɗe bidiyon girki, in kalli ɗinkin da ba zan taɓa kai wa tela ba, in yi hira da Muttaka.

Muttaka shi ne wanda nake so, kuma ba zan ɓoye muku ba, son nan ya yi min yawa. Gyaran injin ban ruwa yake yi a cikin kasuwa. Mahaifinsa, Malam Zarami, manomin shinkafa ne a fadamar Auyo, yana cikin guruf ɗina na biyu. Ta nan ma muka haɗu. Muttaka ya zo ofis wata rana da baƙin mai a farcensa, ya ce yana so ya ga wacce ta ƙwace masa uba, don in ya ce wa Baba gabas sai ya ce bari mu ji me Mardiyya za ta ce. Ya zo ƙorafi, ya tafi da lambata, wai don ya riƙa bin diddigi.

Ranar Laraba ina cikin yi masa dariyar wani hoto, sai na ji inuwa a kaina.

"Malama Mardiyya, same ni a ofis."

Malam Abdulganiyyu ya tura min wata takarda a kan tebur, ya gyara gilashinsa. "Wannan shi ne abin da kika yi da intanet ɗin ofis a wata guda. Awa uku, awa huɗu a yini. Girki, atamfa, hira. Don wannan ake biyanki?"

"Ranka ya daɗe, aikina da yamma yake zuwa. Jiya saƙo tamanin da bakwai na amsa bayan na tashi."

"Wa ya ce ki amsa? Lokacin aiki takwas zuwa huɗu ne."

"In ban amsa ba, wa zai amsa?"

Ya yi kamar bai ji ba. Na ce tunda mun zauna, ina roƙon arziki: jibi Juma'a ina da baƙi, ko zai karɓi awon Malam Bunu ya faɗa wa manoma na rana ɗaya tak.

"Juma'a ina Dutse, taro gare mu. Kuma mutanen nan ba su san muryata ba, ke suka sani. Minti biyu ne fa, Malama. Ko a tsaye kya yi."

Bari in gaya muku su waye baƙin. Muttaka maraya ne ta wajen uwa, Gwaggo 'Yar'azumi ce ta goya shi, ƙanwar Malam Zarami. A gidansu in ta ce e, to e ne. Wata biyu da suka wuce ta zo ganina, ta zauna a ɗakin Umma, ni kuma a gabanta na ɗaga waya sau uku. Na uku ma har fita na yi tsakar gida ina ihu saboda sabis. Da za ta tafi ta gyara mayafinta ta ce wa Umma, "Ai 'yarku da mijinta, ga shi nan a hannunta. Mu ba ma nema cikin aure."

Da ƙyar Muttaka ya lallashe ta ta yarda ta sake dawowa. Ranar Alhamis da yamma ya zo zance, muna zaune a zaure, wayata tana kife a cinyata tana ta kukanta.

"Sau goma sha ɗaya," ya ce.

"Me?"

"Sau goma sha ɗaya kika juya ta tun da na zauna. Ina ƙirgawa." Bai yi fushi ba, kuma da ya yi fushi da ya fi min sauƙi. "Mardiyya, ban ce ki bar aikinki ba. Ni na san abin da muryarki take yi wa mutane, ubana na ciki. Amma dubi idonki. Dubi wuyanki yadda ya koma. Ina magana kina ɗaga kai, na san ba ki ji ba."

"Na ji mana."

"Me na ce?"

Wallahi ban san me ya ce ba.

"Gobe yini ɗaya nake roƙo. Daga safe zuwa magariba. Gwaggo ta ce in ta sake ganin wayar nan a hannunki, kada in ƙara kai mata zancenki. Kuma kin san ba zan iya tsallake maganarta ba."

Da na shiga gida Umma tana tsaye bayan ƙofa, ba ta ma yi ƙoƙarin ɓoye cewa ta ji ba. "Kin dai ji. Ƙarfe takwas mai lalle za ta zo, ga girki, ga gyaran ɗaki. Takwas na bugawa ki miƙo min shegiyar wayar nan."

"Umma, ki bari goma ta yi. Awo kawai zan karɓa in tura."

"Haka kika ce wancan karon, minti biyu. Kika kai azahar kina ba wani labarin tsutsa. Sa'anninki duk suna ɗakunansu, ke kina nan kina rame wa mutanen da ba su san launin fuskarki ba. Yaron nan in ya tafi, kada ki zo min nan da hawaye. Takwas na ce."

Yanzu zan faɗi abin da na yi, kuma ba na son kowa ya rubuto min cewa ba laifina ba ne.

Juma'a ƙarfe takwas saura na zauna a bakin gado na buɗe hotunan Malam Bunu. Kwana tara a jere ruwa yana tsaye a kore, a layi ɗaya, har wani karan ciyawar kacalla da ya maƙale a jikin ƙarfen yana nan bai motsa ba. Na leƙa taga, sama tas, kwana biyar ko yayyafi ba a yi ba. Na ce wa kaina, me zai canja a kwana na goma? Na tauna kanumfari, na gyara murya, na danna.

"Assalamu alaikum jama'a, Mardiyya ce. Barkanmu da Juma'a. Awon yau, ruwa yana kore, yana nan inda yake. Kowa ya ci gaba da harkarsa cikin kwanciyar hankali. Allah ya ba mu damina mai albarka."

Awon yau na ce. Da bakina na faɗa, kuma ban ga awon yau ba. Na tura guruf huɗu, takwas da minti biyu. Na kashe wayar na miƙa wa Umma. Ta naɗe ta a tsumma, ta saka a cikin kwalla, ta kulle a durowa, ta ɗaure mukullin a bakin zaninta tana cewa yau dai gidan nan zai huta.

Abin da ya fi yi min ciwo yanzu shi ne, ranar nan ta yi min daɗi. Ban taɓa sanin kafaɗuna a ɗaure suke ba sai da suka saki. Mai lalle ta zana min ja a tafin hannu, baƙi a baya, na zauna awa guda hannu a shanye ba abin da ya kira ni. Muka tuƙa tuwon shinkafa, muka yi miyar busasshen kifi da ta ji daddawa, Umma ta soya waina. Na ji ƙamshin albasa, na ji kukan tattabarun maƙwabta da na manta suna nan. Kafin azahar na kishingiɗa, barci ya ɗauke ni kamar jaririya. Na tashi na yi wanka, na saka atamfata ruwan ganye mai zanen zinare, riga da zani, na ɗaura kallabi, Umma ta turara ni da turaren wuta har sai da na yi tari, ta ɗiga min humra a wuya.

Gwaggo 'Yar'azumi ta iso bayan an sauko daga masallaci. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta. Ta ci tuwo, ta ƙara miya, ta tambaye ni wa ya haɗa, na ce ni ce. Ta tambayi dangin Abba, ta tambayi inda na tsaya a karatun allo, na amsa komai da hankalina a jikina. Can ta kamo hannuna ta juya shi, tana duba lallen.

"Yau ina mijin naki?"

"Na ba shi hutu, Gwaggo."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "To, ashe kina da fuska. Wancan karon ƙeyarki kawai na gani." Ta juya wajen Umma. "Hajiya, na ga 'ya. Sai dai a ƙara mata abinci."

Umma ta share ido da bakin mayafi. Ni kuwa ji nake kamar in tashi in yi rawa.

Bayan la'asar Muttaka ya zo, da farar shadda da hular da nake so. Da na fito zaure sai ya zazzage aljihunsa biyu ya nuna min.

"Ni ma tawa tana shago tun safe, na kulle ta a akwatin sifana. Ba zan ce ki ajiye ni in riƙe ba."

"Ka kyauta," na ce, ina murmushi kamar wawiya.

"Ke kika kyauta. Kin san saura ƙiris yau ban zo ba? Shinkafar Baba kwana uku ke nan da yankewa, tana tare a gona bayan jinga. Yau ya shirya a kwashe, ya nemi mutum goma da kwale-kwale biyu, ni ma ya ce da hantsi in taho. Ina ta tunanin yadda zan yi da Gwaggo. Sai ga shi ya kira ni takwas da kwata, ya ce, 'Zauna abinka ka kai gwaggonka. 'Yata ta ce ruwa yana kore, gobe ma rana ce.' Ya sallami mutanen." Ya yi dariya. "Kin ga, ko ba ki sani ba kin yi min aiki."

Na ce masa ina zuwa, in kawo ruwa. Na samu Umma a madafi na ce ta ba ni mukulli, dubawa ɗaya zan yi.

"Gwaggonsa tana ɗakin, a gaban durowar take zaune. So kike ki rushe abin da aka yini ana ginawa? Magariba aka ce, saura awa guda."

Na koma zaure da kofin ruwa. Na ce wa kaina kwana tara, kwana tara, sama tas. Muttaka yana ta magana, muryarsa a tausashe. Ya ce da an buge shinkafar nan an kai kasuwa, manyansa za su zo, Baba ya riga ya ware wacce za a yi hidima da ita. Ya ce ya ga wani gida mai ɗaki biyu da bishiyar darbejiya. Ya ce in mun yi aure zai saya min ƙaramar waya da ba wanda zai san lambarta sai shi da Umma. Maganar da na yi shekara ina jira ke nan, ga ta tana zuba a gabana, ni kuma kunnena yana wajen ladan.

Ana kiran sallah ya tashi ya nufi masallacin bakin layi. Gwaggo ta fita alwala. Na ƙwace mukullin daga hannun Umma ban jira ta kwance shi da kyau ba.

Wayar ta kunnu, ta yi shiru na ɗan lokaci, har na fara sauke ajiyar zuciya. Sai ta fara rawa. Ta yi ta rawa a tafin hannuna ba ta tsaya ba, saƙo a kan saƙo, har ta yi zafi. Na nemo sunan Malam Bunu.

Goma da minti shida: hoto. Babu kore, ruwa ya cinye rabin rawaya. Karan kacallan nan ya tafi. Sha biyu: ruwa a kan ja. Ƙarfe uku: kan ƙarfen kaɗai ake gani, kamar yatsa.

Na danna muryarsa. Iska tana kaɗawa, yana haki. "Malama, ruwa ne ya taho daga sama, ba na nan ba ne, can yamma aka yi shi. Gudu yake. Ki faɗa musu. Malama, na kira ki ya fi sau ashirin. Na faɗa wa na kusa da ni, sun ce ai ke kin ce kore. Don Allah ki faɗa musu da bakinki."

A guruf kuwa rigima aka yini ana yi. Wasu na cewa ruwa yana hawa, sun gani da idonsu. Wasu na cewa Malama ta yi magana da safe, a daina tayar wa mutane hankali. Waɗanda gonarsu take bakin kogi sun ga abin da suka gani sun kwashe. Na bayan jinga ba sa ganin komai sai tudun ƙasa, su ni suke jira. Shida saura minti biyar wani ya turo murya yana ihu, jinga ta fashe ta wajen yamma.

Ban san lokacin da na fita ba, ba takalmi, ba mayafi. Na yi karo da Muttaka a ƙofar gida yana dawowa, carbi a hannunsa, yana murmushi. Na miƙa masa wayar. Ya ga hotunan. Sannan yatsansa ya sauka a kan wani saƙo da ban kai gare shi ba, na Malam Zarami, biyar saura kwata. Ya danna.

"'Yata Mardiyya, Zarami ne. Yara suna ta surutu wai ruwa ya kai wuyan jinga, wai a nemo jirgi. Na ce kowa ya kama kansa, da akwai wani abu da ke kin faɗa mana. Shekara biyu ba ki taɓa gaya mana abin da ba shi ba. Na san yau kina da baƙi, kada ki takura kanki. In kin samu sarari dai ki ɗan leƙa mana. A gaida Hajiya."

Muttaka ya tsaya kamar an dasa shi. Ya ja allon sama, ya ja ƙasa. Na ga idonsa ya tsaya a kan saƙona, sannan ya koma kan hoton farko na Malam Bunu, ya sake dawowa.

"Naki takwas da minti biyu. Nasa goma da minti shida." Muryarsa can ƙasa. "Mardiyya, awon wa kika karanta da safe?"

Da zan iya ƙarya da na yi a nan. Na ce, "Na jiya."

"Na jiya."

"Kwana tara bai motsa ba, Muttaka. Na roƙi oga ya ƙi, na roƙi Umma ta ƙi, kai ka ce yini ɗaya. Na gaji ne, wallahi na gaji, so nake in zauna da kai kamar kowace mace..."

"Da kin ce ba ki ga awo ba. Da kin ce musu yau ba ki sani ba." Bai ɗaga murya ba. "Da kalma ɗaya kika faɗa, da tun hantsi ina gona."

Ya miƙo min wayar da hannu biyu, kamar yadda ake miƙa wa baƙo. Ya cire hularsa ya cusa a aljihu, ya naɗe farar shaddar zuwa gwiwa, ya buga babur. Na kira sunansa, abin da ban taɓa yi a bakin layi ba. Bai waiwayo ba. Da na juya, Gwaggo 'Yar'azumi tana tsaye a bakin zaure da buta a hannunta, ruwan alwala yana ɗiga daga haɓarta. Ta ji komai. Ta juya ta ce wa Umma a nemo mata mai Napep.

A nan ƙofar gida na durƙusa na danna wayar. Sau biyu murya ta ƙi fita. A na uku na ce, "Jama'a, Mardiyya ce. Ruwa ya wuce ja, kowa ya fita daga fadama, a bar kaya a tsira da rai. Abin da na faɗa muku da safe ba awon yau ba ne, na jiya ne, ban jira Malam Bunu ba. Shi ba shi da laifi. Ni ce." Na tura guruf huɗu. Ina kallo sunaye suna jeruwa a ƙarƙashin waɗanda suka saurara.

Yau Litinin. Malam Bunu ya gaya min ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Shinkafar mutum goma sha huɗu ta tafi. Ta Malam Zarami, abin da suka tsamo da fitila da kwale-kwale bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, wanda aka tsamon ma ya jiƙe. Malam Abdulganiyyu ya dawo daga Dutse ya ba ni takardar dakatarwa, sannan ya nuna min wani kwali a kan teburinsa. Wayar ofis ta iso.

Tawa kuma ta yi shiru. Magariba ta yi jiya, ta yi shekaranjiya, ba mai tambayar taki, ba mai gaisuwa. Shirun da na yi shekara biyu ina roƙon Allah ya ba ni ke nan, ga shi ya ba ni, kuma ji nake kamar zai kashe ni. Ina zaune ina kallon lallen hannuna, ko dusashewa bai fara ba. Muttaka yana hawa WhatsApp, ina ganinsa, bai ce min komai ba. Na rubuta masa na goge ya fi sau talatin.

Ɗazu da hantsi, goma da 'yan mintuna, daidai lokacin da suka saba jin muryata, wayar ta yi ƙara sau ɗaya. Saƙon murya ne, minti ɗaya da daƙiƙa goma sha biyu, daga Malam Zarami. Ban buɗe ba. In na danna alamar za ta koma shuɗiya, ya san na ji, kuma duk abin da ke ciki ya tabbata. Ko ya ce in fita harkar ɗansa, ko kuma ya sake ce min 'yata, ni ban san wanne zan iya ɗauka ba.

Umma ta shigo ta same ni da ita a hannu. Ita da ta kulle ta a kwalla, yau ita ce ta zauna kusa da ni a bakin gado ta dafa min gwiwa.

"Buɗe, Mardiyya. Mutumin nan ya yini yana jiranki ranar Juma'a. Kada ki sa ya sake jira."

Na ɗora yatsana a kai.